Lilon Aku

Ranar wata Laraba, bakwai ga watan Yuli, gari ya waye da yayyafi. Wata yarinya mai aku ta rasa wurin wasa, sai ta kwaso zaren ɗinkin hula, ja da kore, ta ƙulla wa akun lilo mai geza.

Aku ya hau. Ta tura, ya dawo, ta tura, ya dawo. Tana tsalle tana cewa, "Lilo, lilo!" shi ma yana cewa, "Lilo, lilo!"

Kakanta, da ke saƙar tabarma a zaure, ya leƙo. "Amarya, zare yakan shaƙe ƙafar tsuntsu, rininsa kuma ciwon ciki ne. Zo ki ɗebi kaba."

"Kabarka ba ta da kyau, tsoho! Ƙawayena za su zo kallo."

Can sai aku ya ƙwala ƙara. Zare ya nannaɗe masa yatsa, yana reto kai ƙasa, yatsan har ya fara kumbura. Ga ƙawaye suna sallama. Ta dubi lilo, ta dubi aku, sai ta ɗauki almakashi ta datse, geza ta zube.

Ta nufi zaure. "Angona, a sam mini kaba marar rini."

"Mummunar?"

"Ita fa!"

Yaran suka kitsa sabon lilo, gajere mai kauri. Aku ya hau, ya sa baki yana yagarsa, suna ta ƙyalƙyala dariya.

Kaka ya ce, "Bar shi ya yaga, amarya. Gobe ma akwai kaba."