Kwalbar da Rabo Ya Ajiye a Zaure

Zalika ta ɗaga fitilar ƙwai ta girgiza ta kusa da kunnenta, ba ta ji motsin komai ba. Ta mayar da ita kan ƙusa, ta zauna a hankali tana dafe da cikinta da ya tsufa.

— Rabo, hitila ta shanye ruwanta ƙarƙaf. Yau ma da hasken wata za mu ci tuwo.

— To, wata ai ba a ƙara mishi kuɗi ba tukuna, in ji mijinta yana dariya.

Dariyar ba ta kai ciki ba, kuma Zalika ta sani. Shekara guda da ta wuce, Rabo shi ne mai tuƙin kamiyon wani Balarabe, babbar motar da ke jidar gyaɗa daga garinsu Madawa. Sai yaƙin Turawa ya yi zafi, aka rufe iyaka, isansin da mota ke sha ya yi tsada har ya ɓace. Aka ɗora kamiyo a kan duwatsu, kaji suka samu wurin yin ƙwai. Duk abin da mota ke kawowa kuma ya bi sahun isansi: gishiri, goro, zane, kananzir. Ashana kuwa sai dai labari, garwashi ake ara daga maƙwabta. Zalika ta koyi yin miya da rabin gishiri, ta koyi ɗinke zane ɗaya har alura ta rasa wurin shiga, ba ta taɓa ɗaga wa mijinta murya ba.

Rabo ya miƙa hannu ƙarƙashin gado ya jawo wata babbar kwalba da aka toshe da tsumma.

— Kin ga wanga? Shi ne sallamata daga Balarabe, ragowar isansin tanki. Akwai wani mai mota a Buza da yac ce in na kai mishi zai ba ni rago. Ragon sunan ɗanmu ke nan kwance cikin kwalba!

— Allah shi sa. Amma ka san Inna.

Ya san ta kuwa. Delu, uwar Zalika, ita ce ta cika Karofane da labarin cewa ɗiyarta ta auri mai mota. Fitilar ƙwan nan ma Rabo ne ya kawo ta lokacin neman aure, irinta ta farko a unguwarsu, kuma kafin fitilar ta bi Zalika gidan miji Delu ta yi mako guda tana kunna ta tun rana ba ta faɗi ba don masu wucewa su gani. Mace ce mai kirki, amma ta fi tsoron bakin maƙwabta a kan tsoron yunwa.

Da lokacin goyon ciki ya yi, aka ɗauki Zalika zuwa gidan iyayenta a Karofane kamar yadda ake yi wa mai cikin fari. A kan jaki ta tafi, fitilar na ɗaure cikin kayanta. Delu ta dubi jakin, ta dubi fitilar da ba mai a ciki, ta tafa hannu.

— Mai mota ne ya aiko min ke bisa jaki? Ina kananzir? Ina kayan yaji?

— Inna, duniya ce tac canza. Ba shi kaɗai ba ne, kowa na cikinta.

— Kowa ba surukina ba ne! Ki ji da kyau: in ranar suna ɗakin jego ba shi da haske, in ba rago ɗaure ƙohwar gida, to ba inda za ki koma. Ba na aurar da ke don ki zauna cikin duhu ba.

Barmo, mahaifin Zalika, ya ce a yi haƙuri, Delu ta ce haƙuri ba ya cin wuta a fitila. Zalika ta shiga ɗaki ta yi kuka har idanunta suka kumbura. Tana son mijinta so na gaske, tana kuma jin tsoron uwarta, ga shi ba ta da bakin da za ta raba su.

Allah ya sauke ta lafiya, ta haifi namiji. Saura kwana biyu suna, da la'asar sakaliya, Rabo ya iso Karofane a ƙasa, kwalbar na rataye a kafaɗarsa. Niyyarsa ya kwana, da safe ya wuce Buza ya karɓo rago. Ya yi sallama a zaure ya ajiye kwalbar a gefe, ya durƙusa. A daidai lokacin Zalika na bayan ɗaki, tsohuwa Jima ungozoma na yi mata wankan jego da ruwan zafi, jaririn kuma na barci a ɗaki. Barmo ya fita wajen dattawa. Delu ce ta amsa sallamar.

Kowa ya san yadda suruki yake da uwar matarsa a ƙasar nan: ba ya kallon idonta, ba ya taka cikin gida, ba ya mayar mata da magana. Ita ma ba ta kiran sunansa. Delu ta shigo zaure ta juya masa baya, ta yi maganarta da bango.

— Ashe wasu sun tuna da hanya. To, madalla, ko ba rago an kawo na hitila.

Ta sunkuya ta ɗauki kwalbar. Rabo ya ɗago kai da sauri.

— Inna... wanga...

— La ilaha illallahu! Yau ni suruki ke tare wa magana? Abin da zaman mota ya koya wa mutane ke nan?

Rabo ya sunkuyar da kai, kunya ta ɗaure masa harshe. Ya ce a ransa rana ba ta faɗi ba, ba mai kunna fitila yanzu. Bari ya ruga ya nemo Barmo, shi ya faɗa mata. Ya manta da halin Delu. Kafin ya kai ƙarshen lungu, ta riga ta kira maƙwabta biyu su zo su ga ɗakin ɗiyarta da haske, ta durƙusa a bakin ƙofar ɗakin ta cika fitilar har tana zuba a tabarma.

Zalika ta fito daga wanka tana ɗaura zane, sai wani wari ya daki hancinta. Warin rigar Rabo ne in ya dawo daga tafiya, a kwanakin da suke cikin wadata. Zuciyarta ta yi fari, ta ce a ranta ya zo! Sai ta hango kwalbar a ƙasa, ta hango uwarta ta nufo fitilar da itace mai wuta daga murhu.

— Inna, a'a! Isansi ne!

Ba ta rufe baki ba wutar ta tashi bum! Ta bi tabarma, ta kama asabari, ta haye jinkar ɗaki. Delu ta faɗi da baya, maƙwabta suka watse suna salati. Zalika ta nufi ƙofar da gudu, Jima ta riƙe ta gam.

— Ɗana! Wayyo Allah, ɗana shina ciki!

Ihun nan ne ya juyo da Rabo. Ya ratsa zaure, ya taka tsakar gidan da ƙafarsa ba ta taɓa takawa ba, ya ture surukarsa daga hanya, ya fizge asabarin da ke ci da hannuwansa biyu. Ya shiga. Ba a ga komai ba sai hayaƙi. Can sai ga shi ya fito a duƙe, jaririn na cikin rigarsa yana tsala kuka, ko gashinsa bai ƙone ba. Zalika ta karɓi ɗanta, sannan ta ga hannuwan da suka miƙo shi. Ta ƙwala ƙara ta zube.

Ɗakin ya ƙone ƙurmus, da fitilar, da kayan jegon Zalika, da ragon da ke cikin kwalba. Aka kwantar da Rabo a zaure, Jima ta shafa masa magani ta naɗe hannuwan da tsumma har gwiwa. Washegari Zalika ta aje kunyar mai jego ta je ta zauna kusa da shi.

— Mi ya sa ba ka hwaɗa mata ba, Rabo?

— Na buɗe baki, kunya tar ruhe shi. Zalika, yatsun nan ba za su ƙara riƙe sitiyari ba, na sani. Ba rago, ba hitila, ba hannu. In Inna tac ce ki zauna, ki zauna, ba ni riƙe ki.

— Ni motarka na aura? ta ce tana kuka. Da hannu ko ba hannu, inda kake nan nike.

Ba su san Delu na tsaye bayan zana ba. Tun tashin wutar ba ta sa komai a baki ba.

Ranar suna da asuba ta kwance tunkiyarta guda ɗaya, wadda ta daɗe tana kiwo, ta miƙa wa Barmo igiyar. Aka raɗa wa yaro suna Alhassan. Da hantsi, mutane cike da ƙofar gida, sai ga Delu ta fito da ƙwaryar fura da ludayi. Ta shiga zaure a gaban kowa, ta zauna a ƙasa ta fuskanci surukinta. Rabo ya yi ƙoƙarin juya fuska.

— Rabo, ta ce. Dube ni. Ni na hana ka magana, ni na kunna wuta. Ka gahwarta mini, ɗana. Buɗe baki.

Ta ɗebo furar ta kai bakinsa, hawaye na zuba cikin ƙwaryar. Ya sha. Haka ta riƙa ba shi safe da yamma har hannuwan suka warke, kuma ranar da Zalika ta gama wankan jego, Delu da kanta ta raka ta Madawa, tana tafe bayan jakin da ta taɓa rainawa.

Yatsun Rabo sun warke a lanƙwashe. Yaƙi ya ƙare, motoci suka tashi, shi bai ƙara tuƙi ba, kuma duk sa'ad da kamiyo ya wuce yakan bi shi da kallo. Zalika ta kama matsar man gyaɗa, shi yana kai wa kasuwa, Allah ya sa albarka har suka gina ɗaki biyu. Da 'yar fitilar kasko mai lagwanin auduga suka raini Alhassan da ƙannensa.

Ku 'yan mata da samari, da ku iyaye, ga abin lura. Tsada takan zo ta wuce, wanda ya yi haƙuri da abin da ke hannunsa yana ganin bayanta. Amma son a gani ya cinye wa Delu ɗaki, kunyar da ta hana faɗin gaskiya ta cinye wa Rabo hannu. Har Delu ta koma ga Allah, in an kawo kananzir gidanta takan aika a kira surukinta ya sansana tukuna, kuma da sunansa take kiransa.