Jinin Tela a Jikin Mai Jego

Jaririn ya ƙi karɓar madarar fida, sai tsala kuka yake. Mai jego na bakin gado, nono ya cika har ya jiƙa mata riga, amma an hana ta ba shi.

"Don Allah Yaya, ku bar ni in shayar da shi."

"Ba a gidan ƙanena ba," in ji yayar mijinta tana girgiza fidar. "Nono ai daga jini yake. So kike ya sha ya zama ɗan tela?"

Mijin, bakanike, yana jingine da ƙofa. Ranar haihuwa jini ya ɓalle wa matarsa, aka gwada nasa bai yi daidai ba. Wanda aka ƙara mata na telan bakin layi ne, tsohon saurayinta. Tun ranar, in ya ga fuskarta ta yi kyau, sai ya ji kamar telan ne ke masa gwalo. Maganar Yaya ta zo masa a daidai, ya sami ƙusar rataye kishinsa.

"Ko kallona ba ka yi," matar ta ce da hawaye. "Da na mutu ya fi maka?"

Ya suri hula ya nufi wajen liman.

Liman ya saurara, ya rufe littafin da ke gabansa. "Magabata ba su ga ledar jini ba, amma sun bar mana ma'auni. Nono abinci ne, yaro ke tsotsa kafin yaye. Jinin nan magani ne aka sa wa babba don ceton rai. Ba ya ƙulla dangantaka, ba ya haramta nono. Likita ma na tambaya, ya ce jiki kan sabunta jininsa a 'yan watanni."

"Wata nawa, Malam?"

Liman ya yi dariya. "Ashe ba fatawa ka zo nema ba." Sai ya sassauta murya. "Telan nan matarsa a kan gwiwa ta rasu, an rasa jini. Ni na sallace ta. Tun lokacin ko wa asibiti ta kira shi dominsa, zuwa yake, ba ya tambayar suna."

Bakanike ya koma gida da sauri. Ya tarar kukan yaron har ya dishe. Ya karɓe shi daga hannun Yaya, ya ɗora a cinyar matarsa.

"Ki yafe min."

"Sai ya ƙoshi tukuna," ta ce, ba ta ɗago ba.

Jaririn ya kama nono, sai ƙarar haɗiyarsa ake ji. Yaya ta sulale da fidarta.

Addini ba ya rasa amsar abin da zamani ya kawo, in an tambayi masana. Kishi ne kawai ke aron rawani ya ba da fatawa.