Hunaida ta Tara

"Sista, ki kira mana! Yara sai kuka suke yi."

Katin rigakafin yana hannuna. Na sake duba sunan da ke jiki.

Hunaida.

Ita ce ta tara cikin wata biyu.

Shekara uku da suka wuce, Hunaida ɗaya ce tak a garin nan, kuma tawa ce. Mijina ya tsinto sunan a wani tsohon littafi, dangi suka yi ta karya harshe a kansa, wannan ta ce Hanida, waccan ta ce Unaida. Kwana arba'in da biyu ta yi a duniya, zazzaɓi ya tafi da ita. Ana cikin zaman makoki gwaggonsa ta ce ni na nace wa baƙon suna, har bakin mutane ya kama yarinya. Shi kuwa da ya zaɓi sunan, sai ya sunkuya yana kallon takalminsa. Shirun nan ne ya kashe aurenmu, takarda daga baya ta biyo.

Yanzu ga sunan yana bi na wurin aiki. Duk jaririyar da na ɗora a sikeli, sai in ga kamar tawa ce aka dawo mini da ita in auna.

Wata matashiya ta miƙe daga kan benci.

"Tawa ce, Sista. Hu... naida."

Na ɗago kai na dube ta. 'Yar tsayawar nan a tsakiyar suna, mutum ɗaya na sani yana yin ta.

"Wa ya koya miki faɗarsa haka?"

"Mai tasin da ya kawo ni ranar naƙuda. Kullum yana bakin ƙofar asibitin nan. Mijina ya ce zai yi masa takwara, sai ga mace. Shi ne mai tasin ya ce a sa wannan. Har sau uku ya maimaita mana, wai kar a ɓata shi." Ta yi dariya. "Maƙwabta suka ji ya yi daɗi, yanzu layinmu kaɗai su huɗu ne!"

Na yi wa yarinyar allura, na miƙa wa abokiyar aikina sauran katunan, na fita.

Tsohon mijina ne zaune a kan bonet ɗin tasinsa, ya rame, furfura ta fara fito masa a gemu. Wata da watanni ina shiga asibiti ta ƙofar baya, ban san yana nan ba.

"Kai ne kake raba sunan 'yata a titi kamar alewa?"

Ya diro a firgice. "Sahibata..."

"Kar ka kira ni haka! Ka san abin da nake ji in na ɗaga kati? Kullum sai na sake binne ta!"

Ya dafa motar.

"Wallahi ban yi don in cutar da ke ba. Gwaggo ta ce sunan ne ya kashe ta, na yi shiru. So nake in ga masu sunan sun rayu, sun yi haƙori, sun taka ƙasa. Ta farko ta fara rarrafe, Sahibata. Lafiyarta ƙalau."

Hawaye suka ƙwace mini. Haushinsa nake ji, kuma tausayinsa ya fi haushin yawa.

"Sai da ka tara shaidu tara kafin ka iya buɗe baki?"

"Matsoraci ne ni. Na sani."

"Ni ba shaida nake nema ba. Ranar nan kalma ɗaya na jira daga gare ka."

"Ni na zaɓi sunan," ya ce. "Ni ne, ba ke ba."

"Ba ni za ka faɗa wa ba."

Ya buɗe mini ƙofar bayan motar.

"Gwaggo tana gida yanzu. Daga can, in kin yarda, mu wuce wurin Babanki in roƙi a mayar da aurenmu."

Na shiga na zauna, ko safar hannun aiki ban cire ba.

"Ja mota, Abban Hunaida. Kuma in mun je, ka ɗaga kai."