Tayin da Inna Ta Ce wa Albarka

Inna na zaune a tsakar gida tana goge murafun kwanukan da za ta fita da su kasuwa, sai 'yarta ta shigo da waya a hannu, fuska ba yabo ba fallasa. Tun tana firamare ake kiran yarinyar Ta-ɗaya, don ba ta taɓa zuwa ta biyu a aji ba. Tana goye ubanta ya rasu. Da sayar da kwano Inna ta riƙe karatunta, ba ta taɓa miƙa wa dangin miji hannu ba, kuma ba ta barin kowa ya manta da haka.

"Sun ba ni gurbi, Inna, amma ba na likita ba. Kos ɗin harhaɗa magunguna suka ba ni."

Inna ta tambaya ko wani ya fi ta maki ne a makarantarsu. Ta-ɗaya ta ce babu, sai dai wannan babbar jami'a ce, duk wanda ya nema shi ma na ɗaya ne a inda ya fito. Masu nema kamar tururuwa, kujerun kuwa ba su taka kara sun karya ba.

Bayan ita, wanda maganar ta fi shafa shi ne Mai Walda, saurayin da ke da shago a bakin titinsu. Tun ranar da manyansa suka zo neman aure Inna ta rantse ba za a sa rana ba sai ƙafar 'yarta ta shiga jami'a. Don haka da ya ji an samu gurbi, har ya fara auna ƙarfen gado.

Inna kuwa dariya ta yi. Ta ce wannan ai tayin farko ne, kuma tun da take ba ta taɓa sallama kaya a tayin farko ba, balle 'yar da ta haifa. Ta-ɗaya ta roƙa a karɓi gurbin har da hawaye, Inna ta ɗauki gyale ta ce ta wuce su tafi.

Ofishin ɗaukar ɗalibai a cike yake, fanka na juya iska mai zafi. Da layi ya zo kansu, jami'in ya duba kwamfuta, ya ce lalle makin yarinya ya yi kyau ƙwarai, amma kujerun likita sun cika, gara ta riƙe abin da ta samu kafin a rufe.

"Albarka," in ji Inna.

Ta ja hannun 'yarta ta juya. Ta san ƙa'ida: mai saye in yana son kaya, ba ya bari a kai ƙofa sai ya ce a dawo. Ta rage tafiya. A bakin ƙofa ta tsaya gyaran gyale, sannan ta duƙa kamar takalminta ya tsinke. Abin da ta ji kawai shi ne, "Na gaba!"

A mota ta ce su bari, gobe za a bugo waya. Ba a bugo ba. Aka rufe, aka ba wata yarinya kujerar.

Kawu, ƙanin marigayi, ya samu abin faɗa: wai Inna ta kai jami'a kasuwar kwano. Yayyen Mai Walda suka sa shi a gaba, suna tambaya ko sai ya yi furfura yana gadin ƙofar jami'a, ga 'yan mata fal unguwa. Ita kanta Ta-ɗaya, ido a kumbure, ta ce masa ya je ya yi aurensa, ta yafe.

"To gadon fa? Da tsayinki na auna shi," ya ce. "Koma ki buɗe littafi, ƙarfe ba ya ruɓewa."

Bai taɓa roƙon Inna ta karya rantsuwa ba. Da guntayen ƙarfe ya haɗa wa Ta-ɗaya teburin karatu, ya aiko da shi.

Shekara ta zagayo. Ta-ɗaya ta sake jarrabawa, makinta ya ɗara na bara, aka sake ba ta harhaɗa magunguna. Inna ta ɗauki gyale, suka koma ofishin.

Jami'in ya gane ta. "A'a, Baba mai albarka, an dawo?"

"Ba ƙari?"

"Ko ƙwaya, Baba."

Inna ta waiga. Layi har waje, 'yan mata rungume da takardu, kowace da uwa a gefe tana ji da ita kamar ita kaɗai ta haifi mai ƙwaƙwalwa. Ta dubi 'yarta, ta ga tana kallon ƙasa.

"Na sallama."

Da yamma ta aika aka kira Mai Walda, ya durƙusa a tsakar gida.

"Ka ce wa manyanka su zo a sa rana. Amma su zo da shirinsu, don a jami'a kaɗai na koyi sallamawa."

Ku 'yan mata da iyayenku, ku riƙe wannan: inda kaya suka yi yawa mai saye ɗaya ne, mai cewa albarka shi ke komawa da kayansa gida. Wanda kuwa ya jira ki shekara bai ƙosa ba, bai zagi uwarki ba, kada ki tsaya ciniki a kansa.