Ƙato Bayan Ƙato a Tashar Kawo

A teburin shayinsa na tashar Kawo Ashiru ya fara ganinta. Ta ce a ba ta gahawa, ta kurɓa sau ɗaya ta ture kofin.

"Ka san wa ya noma wannan?"

Bai sani ba. Shi dai ya san zuciyarsa ta tafi.

Shamsiyya ce, 'yar Malam Bawa shugaban ƙungiyar masu shayin tashar. Daga bautar ƙasa a Mambila ta dawo da magana ɗaya: ƙungiyar ta yi zaɓe, a daina sayen gahawa sai daga gonakin da ba a sare daji, ba a kuma cire yara daga makaranta don tsinka. Uban ya ce shirmen boko ne. Da Ashiru ya fara zuwa zance, Malam Bawa ya ce shi Idi, yaron teburinsa, ya fi kwanta masa a rai.

Abin haushin, zaɓen ƙungiya ƙato bayan ƙato ake yi, kowa na ganin layin da ka bi.

Ashiru ya tura mata saƙo: "Hasken idona, in na bi layinki Baba zai hana ni ke. In na bi nasa, da wane ido zan kalle ki?"

Ta amsa: "Ba layina ba ne, masoyi, na yaran nan ne. Bi inda ranka ya natsu."

Ran zaɓe Idi ya riga kowa maƙalewa bayan Malam Bawa. Ashiru ya ja ƙafa zuwa ɗaya layin, ya waiga ya ga 'yan tsiraru. Suka sha mummunan kaye. Takaici ya ishe shi: ga faɗuwa, ga Malam Bawa ya daina amsa gaisuwarsa.

Sai bayan salla dattijon ya zo ya zauna a bencinsa.

"Rabin mutanen layina sun zagaya sun ce wa 'yata suna tare da ita. Kai ka saɓa mini ido da ido. Turo magabatanka."

Aka ɗaura aure a Badarawa. Da suka je gaishe da Malam Bawa, amarya ta dafa masa gahawar Mambila. Ya shanye, ya miƙo kofi a ƙara.

"Baba, ko a sake zaɓen?" in ji amarya.

"Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku zaman lafiya," ya ce. "Amma ƙuri'ata tana nan inda take."