A Ƙara Mata

"Saƙo goma sha ɗaya na tura miki a waccan tafiyar, Maman Lele. Goma sha ɗaya! Amsa nawa na samu?"

"Na amsa mana!"

"Bayan kwana biyu. Kuma me kika rubuta? 'To.' Harafi biyu, kamar ana sayar miki da su!"

Maman Lele ba ta ɗago ba, ta ci gaba da danna kaya cikin akwati. Aikinta rubuta manhajar kwamfuta, kuma kusan duk wata sai kamfaninsu ya tura ta wani gari ta ɗora wa masu saye manhajar a na'urorinsu. Mijinta kuwa malamin firamare ne, kowa Malam yake ce masa.

Ta kumbura murya irin tasa ta gaban allo. "'Lele ta ci abinci.' 'Lele ta yi barci.' Malam, rajistar aji kake kira min? Saƙonninka ko ido a rufe zan iya amsa su."

"To ki amsa da idon a rufe! Ni dai in ga alamar kin san muna raye."

Daga falo Hajiya, mahaifiyar Malam, ta jefo tata, da jan sunan nan da take yi kamar tana miƙe roba. "Injiniiiya! Kai, ƙyale ta ta tafi. Kwamfutocin duniya marayu ne, ba su da uwa sai ita. Lele kuwa ai tana da kaka."

Lele, 'yar shekara uku, tana tsugune gefen jakar uwarta tana laluben ciki. Babu wanda ya kula ta. Direban kamfani ya danna hon, Maman Lele ta sumbaci goshin yarinyar ta fice.

Sai da ta sauka a otel da yamma ta lura babu cajarta a jaka. Ta ce gobe ta saya. Maganar Malam ce ke cin ta. Ta buɗe kwamfutarta tana murmushin mugunta, cikin minti ashirin ta haɗa wata 'yar manhaja mai amsa saƙonninsa da sunanta. In saƙo ya zo da "ta ci", amsa ta tafi: "Madalla! A ƙara mata, kar ta rage komai." In ya zo da "barci": "Alhamdulillah. Ku bar ta ta huta, kar a tashe ta." In wani abu ne daban: "Ina kewarku. Sai na kira anjima."

Da safe Malam ya rubuto cewa Lele ta ci abinci. Kafin ta aje burushi amsa ta tafi. Sai ga shi ya turo hoton zuciya har uku. Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta bar kwamfutar a kunne kan tebur ta tafi aiki.

Ɗakin na'urorin da suke aiki ba a shiga da waya, a akwatin mai gadi ake barin ta. Tun ƙarfe takwas take ciki, cikin sanyi da ƙugin fankoki, sai ƙarfe ɗaya ta fito ta karɓi wayarta.

Kira ashirin da bakwai. Caji saura kashi biyu.

Ta buɗe saƙonnin.

"Maman Lele ki kira ni yanzu! Lele ta ci maganin hawan jinin Hajiya, ba mu san ƙwaya nawa ba. Muna hanyar asibitin kusa da gida."

A ƙasa, da sunanta, da hotonta tana murmushi: "Madalla! A ƙara mata, kar ta rage komai."

"Innalillahi..." Ta dafa teburin mai gadi.

"Ba ta iya riƙe wuyanta. Barci take ta yi, Hajiya na jijjiga ta."

"Alhamdulillah. Ku bar ta ta huta, kar a tashe ta."

Saƙon ƙarshe kalma uku ne: "Wace ce ke?"

"Ina kewarku. Sai na kira anjima."

Ta danna kira. Wayar ta yi ƙara sau ɗaya, fuskar wayar ta yi baƙi ƙirin.

Oganta ya biyo ta yana cewa, "Madam, ba fa mu gama gwaji ba!" Ko juyowa ba ta yi ba. Ta faɗa mota ta ce wa direba, "Gida! Don Allah gida!"

Tafiyar awa uku ce. Cajar direba ba ta shiga wayarta. Ya miƙo mata tasa ya ce ta kira maigidan. Ta riƙe wayar, ta zuba wa lambobin ido. Ita da ta haddace kalmomin sirrin na'urori sun fi ashirin, lambar mijinta ba ta kanta! Shekara biyar sunansa kawai take dannawa. Ta tuna farkon, ta tuna biyun ƙarshe, ta cike tsakiyar da addu'a.

"Alo? Taya za a kawo ko gyara ne?" in ji wani ƙato.

Ta sake gwadawa. Wata tsohuwa ta zage ta tas. Ta haƙura, ta mayar wa direba abarsa.

Bishiyoyi na wucewa, ita kuwa abu ɗaya take gani: Lele a kafaɗar Hajiya, kanta na lilo. In sun bi maganar fa? In sun ce uwarta ce ta ce a bar ta ta huta? In maganar ƙarshe da aka karanta a kan 'yarta ita ce a ƙara mata? Ta toshe baki da mayafi don kar ihun ya fito. Duk motar da ta sha gabansu sai ta ji kamar da gangan ne.

"Madam, ki yi ta addu'a," in ji direba. "Yara suna da ƙarfi."

"Ka ƙara gudu kawai!"

Da gudu ta shiga asibitin, takalmi ɗaya ya tsaya a matakala ba ta koma ba. A kan benci, bakin ɗakin yara, ta hango Hajiya zaune, ɗankwali a karkace, ido jawur. Hajiya ta dube ta. Ba ta ce "Injiniiiya" ba.

"Hajiya... tana ina?"

"A ƙara mata kika ce."

Maman Lele ta zube a gabanta. "Wallahi ba ni ba ce! Na'ura ce, ni na haɗa ta, amma ba ni... Hajiya, ki faɗa min, tana da rai?"

Ƙofa ta buɗe. Malam ya fito, rigarsa duk tabon amai. Ya dube ta.

"Tana da rai. An yi mata wankin ciki. Ta farka."

Kukan da ta riƙe awa uku ya ɓalle. Malam ya tsuguna ya ɗago ta.

"Hajiya ta ga saƙon, ta rantse in ban mayar da ke gidanku yau ba, ba ita ta haife ni ba. Na ce a bari ki zo ki yi magana da bakinki. Tun a saƙo na uku na gane ba ke ba ce."

"Yaya aka yi ka gane?"

"Ke ba ki taɓa amsa min cikin daƙiƙa ɗaya ba. Kuma ba ki taɓa ce min kina kewarmu ba." Ya kau da kai. "Na safen ne ya fi min ciwo. Har nuna wa malaman ofis na yi."

Ta rasa inda za ta sa fuskarta. "Ka yafe min, Malam. Ka roƙi in tuna da ku, na ba ka inji."

Hajiya ta share hanci da bakin zani. "Ni ma na bar maganin a kan tebur, murfi a buɗe. In na kore ki, ni kuma wajen wa zan kori kaina? Tashi ki ga 'yarki."

Lele na kwance, an sa mata ƙarin ruwa a hannu ɗaya. Ɗaya hannun ya dunƙule wata farar igiya. Nas ta ce tun da aka kawo ta ta ƙi sakinta.

"Mama," ta ce da 'yar murya, "na ɓoye miki caja. Don kar ki tafi."

Maman Lele ta kifa kai a kan gadon. A nan ta yi alkawari gaban su duka: aiki ba za ta bari ba, amma tafiya ta koma sau ɗaya a wata biyu, ko oga ya so ko ya ƙi. Duk inda za a karɓe mata waya, za ta bar musu lambar mai gadin wurin. Safe da yamma kuma muryarta za su ji. Da Malam ya ji lambarsa ta ɓace mata a hanya, sai ya zaro jan biron da yake duba jarrabawa da shi, ya rubuta lambarsa a tafin hannunta. "Gobe zan tambaye ki, kuma babu satar amsa."

Haka haƙurin Malam na awa uku ya riƙe gidan da fushin minti ɗaya ya so rushewa. Ita kuwa ta gane cewa iyali ba amsa suke nema ba, mai amsar suke nema, kuma wannan aikin ba a ba wa na'ura riƙo.

Likita ya leƙo ya duba yarinyar, ya ce gobe za a sallame su. "Gaskiya ta ci sa'a. Da kun ƙara rabin awa, da wani zancen ake."

Malam ya rubuta wa dangi albishir cewa Lele ta ci sa'a, kamar yadda likita ya faɗa, ya tura wa kowa da kowa, har da matarsa, don hannu ya saba. Nan take wayarsa ta yi ƙara. Suka dubi wayar Maman Lele, tana kan gado babu caji. Can a otel, kwamfuta na nan a kunne.

"Wane ne kuma?" in ji Hajiya.

Malam ya juyo musu da fuskar wayar.

"Madalla! A ƙara mata, kar ta rage komai."