Tafin Hannun Umma

Su biyu ne a ɗaki ɗaya, Umma da 'yarta mai shekara goma, wadda ba ta da wa ba ta da ƙani amma Auta ake ce mata. Umma kurma ce tun haihuwa. Da mijinta ya rasu, ya bar su a ɗakin da ke bayan gidan ƙaninsa, wato Baffa. Abin da suka fi rasa shi ne mai tsayawa ya saurare su, domin a duk unguwar, Auta kaɗai ta iya maganar hannu.

Shekara guda Umma ta yi tana koyon aikin injin buga littattafai a wata cibiya, sannan aka ɗauke ta gwajin wata uku a maɗaba'ar da Baffa ke shugabantar ma'aikata. Shi kuwa ƙanin matarsa yake wa tanadin gurbin. Idan zai ba da umarni sai ya juya mata baya don kada ta karanci leɓensa, in ta yi kuskure ya daka mata tsawa ma'aikata na dariya. Kullum takan dawo idanu jajir, ta yi alwala, ta daɗe a sujada... Auta na gefe tana share nata hawayen da bakin zane.

Ana cikin haka sai Umma ta kashe babban injin ana tsakiyar aiki. Bayan kwana biyu ta sake. A karo na uku Baffa ya kai ƙara, mai maɗaba'ar ta ce a zo da yarinyar ta yi tafinta kafin a yanke hukunci.

A kan matakala Baffa ya damƙi hannun Auta. "Ke, Auta! Kome uwarki ta nuna, ki ce ta amsa laifinta. In kika yi mini surutu, ku nemi wani ɗakin."

Auta ta shiga ofis. Mai maɗaba'ar, wata dattijuwa mai tabarau, ta ce, "'Yata, tambaye ta me ya sa take kashe mini inji." Hannayen Umma suka fara magana, hawaye na gangarowa. Auta ta dubi Baffa, ta tuna ɗakinsu, ta sake duban hannayen nan masu baƙin tawada... Wayyo Allah! Sai ta fashe da kuka.

"Ta ce kowace safiya takan ɗora tafin hannunta a jikin injin, kamar yadda aka koya mata. Ta ce rawarsa ta sauya, akwai abin da ke gogawa ta hagu. Sau uku tana rubuta wa Baffa a takarda, yana yagawa!"

"Ƙarya ne!" in ji Baffa. "Kurma ce za ta ji ciwon inji? Mu da kunnuwanmu ba mu ji kome ba!"

"To, mu je mu gani," in ji dattijuwar.

Aka kira makaniki, ya kwance murfin daidai inda Umma ta nuna. Ya duba, ya ce, "Innalillahi! Ƙarfen nan ya tsage, saura ƙiris. Da ya ɓalle ana aiki, da hannun wani ya tafi." Matashin da ke tura takarda a wajen ya dubi yatsunsa, ya zauna a ƙasa. Shi ne ya buɗe baki ya ce ya ga lokacin da Baffa ya yaga takardun.

Nan take aka sauke Baffa daga shugabanci aka sallame shi, ya fita kansa a sunkuye. Da yamma ya watso kayan su Umma waje, amma ma'aikatan da suka yi ta dariya su ne suka kwashe su zuwa wani ɗaki kusa da maɗaba'a.

Washegari dattijuwar ta tsayar da Auta. "Yaya ake cewa 'na gode' da hannu? Koya mini a hankali, yatsuna sun tsufa." Ta gwada sau biyu tana kuskure, Umma na dariya, ta kama yatsun ta gyara mata. Aka tabbatar wa Umma da aikinta, aka kuma sa kowace safiya ita za ta fara duba injinan.

A ranar Auta ta gane cewa Ummanta ta daɗe da iya aikinta, tambayarta ce ba a taɓa yi ba.